Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Rage a Wara, Tsohuwar Fadar Sarakunan Wadai?

Wasiƙun da suka zo mini a wannan wata sun karkata ga abu ɗaya, wato ziyarar tsofaffin biranen sarauta na wannan yanki namu. Ta farko ce za ta ci mana fili, domin ta taɓo Abeshe da ke gabashin Chadi, garin da aka yanke mini cibiya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, ina sayar da takalma da kayan fata. Bayan damina zan je Abeshe sarin kaya, kuma ban taɓa zuwa ba. Wani abokin cinikina Bawadaye ya ce in na je kada in kuskura in dawo ban ga Wara ba, wai can ne asalin fadar sarakunansu. Wani kuma ya ce asarar mai ce kawai, ba komai a wurin sai rusassun bango da ƙaya. Maganar wa zan ɗauka? In kuma zan je, yaya ake zuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Wanda ya ce maka ba komai a Wara sai bango da ƙaya bai yi maka ƙarya ba. Ba kasuwa, ba mai shayi, ba rumfar da aka kafa don baƙo. Duk da haka shawarar Bawadayen nan za ka bi. Ka je. Sai dai ka je da labarin wurin a kanka, kuma da ɗan ƙasa a gefenka. Wanda ya je haka kawai, kafin injin motarsa ya huce ya gama kallo, ya ɗauki hoto biyu, ya dawo yana ƙorafin kuɗin mai.

Wara tana arewa da Abeshe, tazarar kamar kilomita 60, a cikin wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya. Nan ne Abdulkarim, kakan sarakunan Wadai, ya kafa fadarsa wajajen 1635, bayan ya karɓe mulki daga hannun Tunjur waɗanda ke riƙe da ƙasar kafin shi. Maba ne suka mara masa baya, su ne 'yan asalin waɗannan duwatsu, kuma daga lokacinsa ne Musulunci ya zama addinin fada. Sama da shekara 200 daga wannan kwarin ake juya ƙasar da ke tsakanin Darfur da Bagirmi. In ka tsaya a tsakiyar wurin ka juya ko'ina, ba sai an faɗa maka dalilin zaɓensa ba. Duwatsun su ne ganuwa ta farko. Rundunar doki ba ta da hanyar afkowa sai ta 'yan mashigai kaɗan, kuma mutum ɗaya a bisa dutse yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa.

Sarkin da ya fi ɗaga sunan garin shi ne Abdulkarim Sabun, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 19. Shi ya kai yaƙi Bagirmi ya ci Masenya, babban birninta, kuma a zamaninsa, wajajen 1810, aka buɗe hanyar ayari da ta miƙe arewa ta Kufra har Bangazi a bakin teku. Kafin nan Wadai sai ta bi ta ƙasar wani kafin kayanta su kai teku. Da wannan hanya ta samu, sai dukiya ta shigo: tufafi, takarda, bindigogi, sulke. Abin da ke fita kuwa hauren giwa ne da gashin jimina da bayi. Na ambaci bayi da gangan, domin masu yi wa baƙi bayani sukan tsallake wannan wurin. Mutanen da aka kamo daga kudu su ne suka ɗauki ruwa da itace da ƙasar da aka yi wannan gini, kuma 'yan uwansu ne aka kora cikin Sahara aka musanya da bindiga. In ka tsaya gaban bangon kana mamakin ƙarfinsa, ka tuna da su ma, ka yi musu addu'a.

To, me za ka gani? Za ka ga ragowar katangar da ta zagaye gidan sarki, da gine-ginen da ke cikinta, wasu sun zube sun zama tsibi, wasu na tsaye har yanzu da tsawonsu. A wajen katangar akwai masallaci da ragowar hasumiyarsa. Akwai maƙabartar sarakuna. Akwai kuma dutsen da ke kallon garin, wanda a al'adar da sabon sarki yakan hau ya keɓe kansa na 'yan kwanaki bayan naɗi. Amma abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne tubalin. Matsa kusa da bango, ka sa tafin hannunka a kai. Ba tubalin laka ba ne irin wanda muke bushewa a rana, gasasshe ne, ja, an jera shi sahu bisa sahu da laka a tsakani. Inda ruwan sama ya cinye lakar za ka iya zura yatsa a tsakanin biyu, amma tubalin kansa yana nan da ƙarfinsa, in ka ƙwanƙwasa shi da makulli sai ya yi ƙara. A ƙasar da kowa ke gini da laka da ciyawa, inda gida ke narkewa in an yi damina uku ba a yi masa yaɓe ba, wannan ne ya sa Wara ta kai zamaninmu. Yanzu ɗaga kai ka dubi kwarin, busasshe ƙayau, sai ƙaya da aduwa. Gasa tubalin da ya isa wannan gini yana son ruwa mai yawa da itace mai yawa da hannaye masu yawa. Ashe akwai lokacin da duk ukun suke nan.

Ruwan ne ya fara tafiya. Rijiyoyin garin suka riƙa ƙafewa, birni mai dawakai da raƙuma da dubban mutane kuwa ba ya zama a kan rijiyar da ke ba da guga ɗaya. Wajajen 1850 Sultan Muhammad Sharif ya ɗauke fada ya koma Abeshe. Masana tarihi suna ƙara da cewa sarkin bai natsu da manyan da ke kewayen Wara ba, ya fi son ya yi nesa da su. Ko ma dai yaya, da sarki ya tashi sai fadawa suka bi shi, 'yan kasuwa suka bi fadawa, malamai suka bi jama'a. Ba yaƙi ne ya ci garin ba, ba gobara ba. A 1873 Bajamushen nan matafiyi, Nachtigal, ya sauka Abeshe a zamanin Sultan Ali, ya je ya duba Wara, ya tarar ta riga ta zama kufai. Dubi tazarar, shekara ashirin da 'yan kai kawai. Ni wannan ne ke tsaya mini a rai duk lokacin da na ga layin jarkoki a unguwannin Abeshe da rani, yara na tura kura, ana cinikin ruwa jarka jarka. Matsalar da ta tashi wancan gari ba ta bar wannan ba.

Batun zuwa kuwa, ka yi daidai da ka ce bayan damina. Daga Yuli zuwa Satumba koramun da suke busassu duk shekara sukan cika cikin sa'a ɗaya su yanke hanya. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40, duwatsun Wara suna mayar da shi kan mutum. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne lokacinka. Daga Marwa za ka zo Kusuri, ka haye gadar Ngeli ka shigo Injamena. Riƙe katinka na ɗan ƙasa ko fasfo da katin rigakafin shawara a aljihun gaba, domin za a tambaye ka su ba sau ɗaya ba. Kuɗi ba sai ka canza ba, sefar da ke aljihunka ita muke kashewa. Sai dai ka kula da lissafi: a kasuwannin Chadi da riyal ake faɗin farashi, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, wato dalarmu. In mai kaya ya ce miya, ɗari ke nan da Larabci, to sefa 500 yake nufi. Daga Injamena manyan motocin safa suna tashi da asuba, su bi kwalta ta Masaget, Bokoro, Bitkin, Mongo, Mangalme da Um Hajar. Tafiyar ta kusa kilomita 900, yini guda ce cur. Ka nemi kujerar taga saboda duwatsun Gera da za ka gani tsakanin Bitkin da Mongo.

Ka sani kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan gudun hijira masu ɗimbin yawa sun shigo ta Adre da ke bakin iyaka, ƙungiyoyin agaji sun cika Abeshe, masauki da hayar mota sun yi tsada. Ka sa abokin cinikinka ya haɗa ka da wanda zai sauke ka tun kafin ka taso.

Daga Abeshe zuwa Wara ba motar haya da ke zuwa kullum. Za a bi hanyar Biltin, sannan a saki babbar hanya a shiga ta yashi da duwatsu. Mota mai ƙarfi ake so, da direban da ya san wurin. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin, ya fi sauƙi kuma ya fi tsaro. Kafin ranar tafiya ka je fadar Sultan ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Wurin ba daji ba ne marar mai shi, kakannin wasu ne ke kwance a can, kuma daga fada za a nuna maka wanda ya dace ya raka ka. In kun isa, ku fara da gaida dattawan ƙauyen da ke kusa, a riƙe musu sukari da ganyen shayi. Baƙo ko da ido makaho ne. Ɗan ƙasa ne zai ce maka nan ne zauren da sarki ke zama, can ne sashen mata, nan kuma ba a takawa. Ku tashi bayan sallar asuba, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, ka sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da kunama, ku juyo kafin azahar.

Abu uku nake roƙonka da su. Kada ka hau bango don hoto, domin abin da ya tsaya shekara ɗaruruwa yana iya zubowa da nauyin mutum ɗaya. Kada ka rubuta sunanka ko lambar wayarka a jikinsa. Kada ka sa tubali ko ɓallin tukwane a jaka wai tsaraba. Tun 2005 gwamnatin Chadi ta sa Wara cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma takarda ba ta riƙe bango. In kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, jikokinka fili za su tarar.

Kada kuma Wara ta sa ka raina Abeshe, domin rabin labarin yana cikinta. Ka shiga raksha, wato keken nan mai ƙafa uku, ka ce a kai ka tsohon gari wajen fada da tsohon masallaci, daga nan ka taka da ƙafa cikin lunguna. Ran 2 ga Yuni 1909 sojojin Faransa suka shiga garin. Sultan Dud Murra ya fita ya ci gaba da yaƙi har 1911 kafin ya miƙa wuya. Turawa suka soke sarautar, sai 1935 suka mayar da ita. Abin da Abeshe ba ta manta ba kuwa shi ne watan Nuwamba na 1917, lokacin da sojojin mulkin mallaka suka karkashe malamai da manyan gari da adda. Ana kiran abin Kubkub. Malamai da yawa da suka tsira suka tsallaka Sudan da littattafansu, garin da ya yi suna da karatu ya daɗe bai farfaɗo ba. Ka ce a kai ka inda aka binne su. Ba wurin hoto ba ne, ka yi sallama ka yi addu'a ka fito. Kuma gaba ɗaya ka kiyaye ɗaga waya kusa da filin jirgi ko barikin soja ko shingen jandarma.

Sai abin da ya shafe ni da kai. In ka shiga layin dukawa a kasuwa kana cinikin takalma da jakunkuna da matasan fata, ka yi sallama da Hausa ka ji ko ba za a amsa maka ba. Abeshe zango ce a kan hanyar Makka ta ƙasa. Mutanenmu sukan taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina, su bi ta Borno, su haye a Kusuri, su bi ta Ati da Um Hajar su sauka Abeshe, daga nan Adre, Junaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce. Inda guzuri ya ƙare sai a zauna a yi sana'a a tara, sannan a ci gaba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a da yawa sun bi wannan hanya suna hijira gabas. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda guzurinsu ya ƙare a Abeshe. Baduku ne, ya zauna yana ɗinka sirdi da kube, ya yi aure, ya haifi ubana, Allah bai nufe shi da ganin Ka'aba ba. Irinsa suna da yawa, jikokinsu na nan, wasu Larabci ya fi Hausa ƙarfi a bakinsu, amma in ka tambayi asali za su faɗa maka sunan garin da kakansu ya baro. Ka zauna da ɗaya daga cikin tsofaffinsu ka sha shayi. Abin da zai gaya maka ba ya cikin kowane bango.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni dattijo ne a Garwa. Ɗana yana aiki a Abeshe, ya ce in na kai masa ziyara zai kai ni Wara. Uwargida ta ce kufai matattarar aljanu ce, kuma yawon kallon kango al'adar Nasara ce, ba ta Musulmi ba. Maganarta ta ɗan shiga raina. Ga kuma ciwon gwiwa. Me ka gani?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida Hajiya. Tsoronta na ƙauna ne, kada a yi mata gardama da zafi. Amma a tuna mata cewa Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ashe tun kafin wani Bature ya rataya kyamara an ce mana mu je mu gani. Bambancin yana ga abin da mutum ya je yi. Wani kallo ya kai shi, wani kuwa wa'azi ya je ɗauka, kuma ban san wa'azin da ya kai mutum ya tsaya a zauren da ake faɗuwa a gaida sarki ya tarar awaki na kiwo a ciki ba.

Wataƙila abin da Hajiya ta ji shi ne hanin da aka yi game da shiga gidajen mutanen da Allah ya halaka, irin na Samudawa, sai dai mutum ya shiga yana mai tsoro da kuka. Wara ba irin wannan wuri ba ce. Garin Musulmi ne, an yi kiran salla a hasumiyarsa, an yi karatu a zaurukansa, waɗanda ke kwance a maƙabartarsa 'yan uwanmu ne da ke da haƙƙin sallama da addu'a a kanmu. Abin da ba shi da kyau shi ne roƙon matattu, ko ɗibar ƙasar kabari wai magani, ko tona wuri ana neman dukiyar sarakuna. In Alhaji yana son ƙarin natsuwa ya tuntuɓi limamin unguwarsu kafin ya taso. Batun aljanu kuwa, azkar ɗin safe da Alhaji ke yi kullum sun isa, kuma da rana za a je a dawo da rana. Abin da na fi ji wa Alhaji shi ne maciji a cikin tsibin tubali da kuma rana.

Gwiwa ita ce abin dubawa. Hanyar tana da gargada, kuma cikin wurin ba daidai yake ba. A sa ɗan ya nemi mota mai laushin zama, a ajiye ta kusa da katanga gwargwadon yadda masu wurin suka yarda, a riƙe sanda da 'yar kujera. Ba sai an zagaye ko'ina ba, kuma hawan dutse a bar wa yara. Masallacin da ƙofar gidan sarki sun wadatar. In Hajiya za ta yarda ta bi ku ma ya fi.

TAMBAYA: Baba, ni malamar makaranta ce a Kusuri, ina koyar da 'yan mata 'yan aji shida. Ina so in fitar da su su ga wani wurin tarihi, amma abin da iyaye za su iya tarawa bai wuce kuɗin mota na yini ɗaya ba. Abeshe ta yi mana nisa. Akwai abin da ke kusa?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri, kin yi tunani mai kyau. Ai ke a tsakiyar tarihi kike zaune. Fara da garinku. Kusuri tsohon birnin ƙabilar Kotoko ne mai sarautarsa, kuma a nan bakin kogi ne aka gwabza ran 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe, wanda ya ci Borno ya zauna Dikwa, ya faɗi a hannun sojojin Faransa, shi ma kwamandansu Lamy ya mutu a ranar. Garin da Turawa suka kafa a tsallaken kogi a wannan shekara suka sa masa Fort-Lamy, sai 1973 aka mayar da shi Injamena. Ki nemi izini a fadar Sultan ki kai yaran, ki roƙi a ba ku wani dattijo ya nuna musu inda ganuwar gari ta bi. Wannan ba ya cin ko dala.

In kuɗin motar ya samu, Gawi za ku. Tana kamar kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena, ita ma tsohuwar fadar Kotoko ce, a kan tudun da mutanen Sao suka zauna tun da daɗewa. Tsohon gidan sarkin, ginin laka mai bene, an mayar da shi gidan tarihi. Yaran za su ga manyan randunan Sao waɗanda a da ake binne mamaci a cikinsu, za su hau matakala mai ƙunci su leƙa garin daga sama. Abin da na fi so 'yan matanki su gani yana waje. Matan Gawi magina tukwane ne, su ne kuma ke yi wa bangon gidajensu zane da farar ƙasa da ja da baƙi. Ki sa yaran su tsuguna kusa da mace ɗaya tana aiki, su ga yadda take ɗora laka tana murzawa da hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana juya tulun har wuyansa ya fito, ba inji ba ma'auni. Randar da ke cikin gidan tarihi da wadda ke hannun matar nan sana'a ɗaya ce ba ta yanke ba, kuma a hannun mata ta zauna. Ki ba kowace yarinya tambaya ɗaya da za ta yi: ina ake ɗebo ƙasar, kwana nawa tulu ke bushewa, da me ake gasawa, wa ya koya mata. Ku kuma sayi tulu ko biyu na aji, kada a yi ta ɗaukar bayin Allah hoto a tafi a bar su hannu rabbana.

In lokaci ya rage, ku biya gidan tarihi na ƙasa a Injamena, akwai kayan Sao da yawa, da bayanin Tumai, ƙoƙon kan wata halitta mai kama da ɗan Adam da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Logon Birni da ke kudu da ku da Gulfe da ke arewa su ma tsofaffin biranen Kotoko ne da suka cancanci gani, amma da yara a hannu kada ki kama hanyar ko ɗaya sai hukuma ta tabbatar miki lafiya lau ne a wannan makon.

Tunda za ku haye iyaka, ki tanadi takardar izini daga shugaban makaranta da hukumar ilimi, da sa hannun kowane uba, da kwafin takardar haihuwar kowace yarinya, da jerin sunayensu kwafi biyu, ɗaya na jami'an wannan gefe ɗaya na wancan. Ki aika wani ya sanar da mutanen Gawi ranar zuwanku, ki kauce wa Juma'a, ki tafi da iyaye mata biyu su taya ki kula. Ku haye gadar Ngeli da sassafe kafin manyan motoci su toshe ta, ku kuma juyo da la'asar sakaliya saboda cunkoson yamma.